Yadda Na Koyo Harbi da Hagu a Marwa

Tun da na dawo daga Kamaru ban ci tuwo da zafinsa ba. Wannan ta shigo ta ce in ba ta labari, wancan ya tare ni a bakin kasuwa ya ce wai da gaske ne an koya mini kashe mutum. Matan zumunta sun sa na faro labarin sau uku, don kullum sai wata ta makara. Shi ya sa na sayi littafin rubutu na zauna. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Waɗanda suka yanke mini hukunci tun kafin in tafi su ma su karanta, amma su sani ba don neman gafararsu na rubuta ba.

Sunana Rifkatu, 'yar Manchok, ina aure a Kafanchan. Shekarata tara a aikin gandun daji, bakwai daga ciki a shinge na yi su, inda muke tare motocin katako mu duba takardunsu. Bara ɓarayin katako suka harbi abokin aikinmu Iliya a cinya. Yana rataye da tsohuwar bindigar ofis, amma bai taɓa harba ta ba, ya tsaya yana kokawa da ita har suka yi abin da za su yi suka wuce. Yau da sanda yake tafiya. Bayan wannan ne wata ƙungiyar Turawa masu kula da dazuzzuka ta rubuto cewa za ta yi kwas na kwana biyar a arewacin Kamaru, a koya wa ma'aikatan daji kare kai da ƙaramar bindiga, wato fistol. Sun ba ofishinmu gurbi biyu, suka ce in akwai mace a aikin shinge, ɗaya nata ne.

Mace ɗaya ce a aikin shinge. Oga ya ninke takardar ya jefa a durowa, ya rubuta sunan Malam Shu'aibu, abokin tsayuwata a shinge, da na wani ɗan ƙanwar ogan da bai cika shekara da fara aiki ba. Mai buga tafireta ce ta raɗa mini. Na shiga ofishinsa ban ko cire hula ba.

"Sa, an ce takarda ta zo da gurbina a ciki."

"Madam, wannan ba tafiyar mata ba ce. Maganar bindiga ake yi."

"Washegarin ranar da aka harbi Iliya ni ka tura wurin. A kan jininsa na tsaya har yamma. Ran nan ba ka ce ba wurin mata ba ne."

Ya daɗe yana juya biro. Can ya ce ko mijina ya yarda. Na ce wannan aikina ne, shi dai ya gyara suna. Ya soke na ɗan ƙanwarsa ya sa nawa.

Mijina Yohanna malamin firamare ne, mutum mai sanyi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Maman Talatu, ni ba bindigar ce ta dame ni ba. Kin san bakin mutanen garin nan. Da wa za ki tafi?"

Na san inda ya dosa. Malam Shu'aibu Musulmi ne, jikan 'yan goron kasuwar Kafanchan, a garin aka haifi ubansa. Tun bayan tashin hankalin da aka yi mana shekarun baya, kowa a garin nan yana ƙirga wanda ya shiga gidan wane. Ranar Lahadi bayan sujada fasto ya ce in tsaya, dattawa biyu na son ganina. Ɗayansu, tsohon da ya riƙe ni ranar aurena, ya ce da irin Hausarsa, "Matan Kirista zai ɗauki bindiga? Kuma zai bi Bahaushe zuwa wani ƙasa?"

Na ce, "Baba, shekara bakwai muna tsayuwa da shi a bakin daji, mu biyu, daga safe har yamma. Ba wanda ya kira taro. In addu'a za ku yi mini ina so. In izini ne, na riga na samu a gida."

Ban riga na samu ba, amma Yohanna yana tsaye a bakin ƙofa, bai ƙaryata ni ba. Fasto ya yi addu'a gajeriya. Daga baya na ji shi ma Malam Shu'aibu bai sha da daɗi ba a unguwarsu. Wasu sun ce zai je ya riƙe wa Kirista jaka ta koyo abin da za ta kashe su da shi.

Jirgin ƙasa na Maiduguri muka shiga da hantsi. Ya tsaya a Manchok kamar minti uku, kuma uwata tana can tana jira tun safe. Ta bi taragon tana leƙa taga har ta gan ni, ta cillo mini ƙunshin leda: garin baƙin riɗi ne da ta daka da barkono da citta. Jirgi ya fara motsi tana binsa da sauri, tana ce mini da yarenmu, "Ki ci abinci da dama a gaban mutane. Kada ki ba mu kunya." Shekarata talatin da shida, 'ya'yana uku, amma abin da ta zo faɗa mini ke nan.

A gabanmu wata Hajiya ce Babarbariya mai fataucin busasshen kifi, tana komawa gida da buhunan citta. Ta dube ni, ta dubi Malam Shu'aibu da carbinsa, ta ce masa, "Malam, ba ka saya wa iyalinka mayafi ba ne?" Malam ya ƙware da goro. Na ce mata abokin aiki ne, kwas za mu. Ta ce kwas na me. Na ce na harbi. Ta ja buhunta kusa da ƙafarta, ba ta ƙara magana ba har muka hau dutsen Jos. Amma bayan Bauchi, da jirgi ya tsaya a wata 'yar tasha rabin yini yana jiran na kaya ya wuce, ita ce ta taɓa ni ta ce, "'Yata, zan sauka in yi alwala. Ki zauna a kan buhunan nan. In an taɓa ki ce musu ke ce mai bindigar." Na zauna a kan citta awa guda ina muzurai, ba ni da ko allura.

A Maiduguri gidan wani abokin cinikin mahaifin Malam muka sauka. Aka kai ni cikin gida wurin mata. Sun ba ni burabusko da miyar kuka da man shanu, suka zuba mini ido ina ci. Da suka ji ni Kirista ce ba su canza fuska ba, sai dai uwargidan ta tambaye ni ko mu ma muna wanka da safe. Na ce har da yamma. Kafin in fita suka turara mini kaya da turaren wuta har kakin aikina ya koma ƙamshin amarya. Da na fito Malam ya matsa gefe, ya ce, "Madam, in ɓarayin katako suka ji wannan ƙamshin ai tun daga Kagoro za su juya."

Daga nan motar haya zuwa Bama, daga Bama zuwa Banki, inda iyaka take. Na ɗauka zan ga katanga ko kogi. Gari ne guda aka gitta masa ƙarfe a tsakiya, awaki suna shiga Kamaru suna fitowa ba mai tambayarsu. Namu ɓangaren ba a ɓata mana lokaci ba. A ɗaya ɓangaren wani jandarma dogo ya karɓi takardunmu, yana jin Hausa amma kamar yana tauna ta.

"Ina za ki?"

"Marwa."

"Wace ƙabila ce ke?"

"Marwa."

Ya ajiye biro. Ya ɗauka raini ne. Abin da bai sani ba, mu mutanen Manchok Hausawa Marwa suke kiranmu, kuma garin da za mu je a Kamaru shi ma Marwa ake ce masa da Hausa. Sai da Malam ya sa baki ya yi masa bayani dalla-dalla. Bai gamsu ba. Ya buɗe takardar gayyata, idonsa ya faɗa kan kalmar bindiga, ya ce a zazzage jakata. Zannuwa, Littafi Mai Tsarki, sabulu, sai ga ƙunshin uwata. Ya kwance, ya ga baƙin gari, ya ja da baya ya kira 'yan'uwansa biyu. Albarushi, in ji shi.

Na ce abinci ne. Ya ce za a riƙe mu sai babbansu ya zo gobe. Gobe kuwa ita ce ranar fara kwas. Na miƙa hannu na ɗebo na zuba a baki, na tauna ina kallonsa. Sannan na tura masa ledar na ce, "Bismilla, ranka ya daɗe. In ya fashe mu mutu tare." Abokansa suka fara dariya, dole ya lasa. Barkonon uwata ba ya gaisuwa. Ya yi tari har hularsa ta faɗi, hawaye na zuba, ya buga mana hatimi bai ko duba shafin ba. Muna fita ɗaya daga cikinsu ya biyo ni da 'yar takarda, wai in ɗan zuba masa na cin nama. Na zuba masa cokali biyu.

Wurin kwas ɗin tsohon ɗakin ajiyar auduga ne a bayan garin Marwa, a gindin wani dutse. Mu goma sha takwas ne, daga Kamaru da Cadi da Nijar da Najeriya, ni kaɗai mace. Ba su shirya mini ɗaki ba, don haka aka haɗa ni da mai dafa abinci, Madam Sesil, wata ƙatuwar mata daga kudancin ƙasar. Ba ta jin Hausa, ba na jin Faransanci, sai muka haɗu a Turancin buroka. Tana ganina ta rungume ni ta sumbace ni a kumatu, dama da hagu. Na sandare. A garinmu ko mijinki bai yi miki haka a tsakar gida ba. Kafin kwana biyar na saba, har ina miƙa kumatun da kaina.

Abincinsu sai a hankali. Da safe burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri, da baƙin kofi mai ɗaci. Da rana rogo da aka naɗe a ganye, mai tsami, yana jan haƙori kamar roba, da miyar shuwaka da gyaɗa. Miyar ta yi mini, rogon kuwa da garin uwata na riƙa tura shi. Malam bai taɓa nama ba sai da ya je ya ga mahaucin da idonsa. Kuma mutanen nan kowace safiya sai kowa ya bi kowa ya sha hannu, ko jiya tare kuka kwana. Da tsakar rana kuma komai ya tsaya cak, har kasuwa, kowa ya je ya kwanta. Na ce wa Madam Sesil in aka yi haka a Kafanchan, kafin a tashi an kwashe kasuwar.

Malaminmu wani tsohon jandarma ne mai ritaya, Bafulatani, gajere, kunnensa ɗaya ya mutu. Shef Hamadu ake ce masa. Yana magana da Faransanci, ya juya da Fulatanci, sannan ya juyo gare mu da Hausa. Ranar farko ko harsashi ɗaya ba mu gani ba. Ya tsaya a gabanmu ya ce, "Wanda ya zo nan don ya zama jarumi, mota tana komawa gari da yamma. Ni abin da nake koyarwa shi ne ka ga masifa tun tana nesa, ka yi mata tsawa, ka laɓe, in da hanya ka gudu. Harbi shi ne na ƙarshe, kuma wanda ya kai ga harbi ya riga ya yi asarar abubuwa da yawa."

Yini guda muna maimaita abu huɗu. Kowace bindiga ka ɗauka akwai harsashi a cikinta. Kada bakinta ya kalli abin da ba ka yi niyyar hallakawa ba. Yatsa ba ya taɓa kunamar bindiga sai lokacin harbi. Ka san abin da kake nufa da abin da ke bayansa. Akwai wani ƙato daga Cadi, Idrisa, da ya ce ya yi soja, wannan duk wasan yara ne. Shi ne ya fara kirana Madam Kuku, wai in je in taya Sesil yanka albasa. Da yamma yana ba da labari ya juya da fistol a hannu, bakinta ya share cikin mutum uku. Ba komai a cikinta, amma Shef ya karɓe ta ya ba shi guntun katako da aka sassaƙa. Da katako ya yi rana ta biyu. Ban yi dariya ba, amma na tabbatar ya ga ina kallonsa.

Rana ta biyu ni ce abin dariyar. Aka toshe mana kunne da auduga, aka jera mu gaban allunan da aka zana mutum a jiki, taku bakwai tsakani. Na harba goma. Ɗaya ya taɓa gefen allo, sauran sun tafi gaishe da dutse. Aka sake, haka. Hannuna ba ya rawa, ba na rufe ido, amma harsashi ya ƙi zuwa inda na aike shi. Baturen da ya shirya kwas ɗin ya ja ni gefe da murmushi, ya ce kada in damu, suna bukatar wanda zai koyi ɗaure rauni, ko zan koma can.

Na ce masa, "Na iya ɗaure rauni. Ni na ɗaure cinyar Iliya a asibiti da nas ba ta nan. Ba shi ya kawo ni ba."

Da rana kowa ya tafi barci, na zauna bayan kicin raina a ɓace, na ɗauki wuƙa ina taya Sesil fere rogo don kada in yi kuka. Ban san Shef yana tsaye ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Madam, da wane hannu kike riƙe da wuƙar nan?"

Na duba. Na yi sauri na mayar da ita dama, kamar an kama ni da sata.

Ni bahaguwa aka haife ni. A aji ɗaya malaminmu ya ɗaure mini hannun hagu a baya da tsumma wata uku. A gida in na miƙa hagu cikin kwano sai muciya ta sauka a kai. Na koyi rubutu da ci da gaisuwa da dama, har na manta, sai in ina aikin wuƙa ni kaɗai hannun yake fitowa da kansa. Shef ya sa na miƙa yatsa na nuna wata bishiya, na rufe ido ɗaya, na rufe ɗayan. Ya ce idona ma na hagu ne ke jagora. Ya ce da yamma in riƙe fistol da hagu.

Na ce, "Shef, a wurinmu ba a miƙa wa mutum abu da hagu."

Ya ce, "Wannan ba miƙa masa za ki yi ba."

Da yamma na harba goma, takwas suka shiga ƙirjin allo. Na ajiye bindigar yadda aka koya mana, na koma layi, ina jin hannun yana zafi kamar wanda ya tashi daga dogon barci. Shekara talatin ana ce mini hannun ƙazanta ne. A ranar na ji haushin mutane da yawa, har da waɗanda suka mutu.

Rana ta uku aka koya mana zaro fistol daga kube, da laɓewa bayan ganga, da tsawa. Shef ya ce yawancinmu muna tsawa kamar masu roƙo. Ya sa kowa ya ce "Tsaya nan" daga ciki, ba daga maƙogwaro ba. A nan kam ba wanda ya kama ƙafata, na yi renon 'ya'ya uku. A ranar ne kuma kwanson harsashin na kusa da ni ya yi tsalle ya faɗa mini cikin riga ta wuya. Wanda bai taɓa ji ba, kamar garwashi ne. Ga bindiga ɗane a hannuna. Na cije, na cire yatsa daga kunama, na ajiye ta bakinta na kallon dutse, sannan na juya baya na yi rawar da ban taɓa yi a coci ba. Tabon yana nan. Shef ya tara kowa ya ce abin da na yi kafin rawar shi ne kwas ɗin gaba ɗaya. Daga ranar Idrisa ya daina cewa Madam Kuku, ya koma Madam kawai.

Rana ta huɗu ita ce mai nauyi. Aikin mutum biyu ne: ɗaya ya ruga daga ganga zuwa ganga, ɗayan yana baya ta gefe yana harbin allo don ya kare shi, da harsashi na gaske. Shef ya ce kowa ya yi da wanda suke aiki tare a gida. Tun da muka zo na lura Malam Shu'aibu ba ya cikin natsuwa. Harbinsa ba laifi, amma bayan kowace ƙara sai ya goge tafin hannu a wando. Shi ne ya ɗauko Iliya a kafaɗa daga daji ran nan. Kafin a kira mu ya zo ya tsaya kusa da ni, yana kallon ƙasa.

"Madam Rifkatu, ki ce a haɗa ki da wani. Hannuna ba ya tsayawa."

"Na gani. Nawa ma sai shekaranjiya ya tsaya."

"Ba ki gane ba. In aka yi kuskure a nan, ba za a ce kuskure ba ne a gida. Za a ce Shu'aibu ya kai ta wata ƙasa ya harbe ta ta baya. Ba gidana kaɗai za a ƙona ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma na san in ni ce na yi kuskuren haka za a ce ta ɗaya gefen. Na tuna 'ya'yana. Amma na duba sauran mazan nan, ba wanda ya san sunan 'yata, ba wanda zai rasa komai in na faɗi.

Na ce, "Malam, duk wurin nan ba wanda ya san nauyin bayana kamar kai. Kai nake so. In mun koma ma ai ba Idrisa ne zai tsaya mini a shinge ba."

Ya motsa baki yana addu'arsa, na yi tawa. Aka busa usur na ruga. Ina jin ƙarar bindigarsa ta bayan kafaɗata ta dama, ɗaya, biyu, uku, a natse, kamar mai sara itace. Ban waiwaya ba. Na faɗa bayan ganga ta biyu, gwiwata ta goge, na yi tsawa cewa na iso. Sannan muka juya, shi ya ruga ni na kare shi, ina ganin farar hularsa tana wucewa ta gefen idona, bakin bindigata yana kan allo bai bar shi ba. Da aka gama muka zauna a inuwar ɗakin auduga. Can ya fasa goro ya miƙo mini rabi. Ba na cin goro. Na ci.

Ranar ƙarshe aka yi jarrabawa. Ban zo ta ɗaya ba, kada wani ya ƙara wa labarin abin da babu. Ta shida na zo, Malam na huɗu. Shef ya ba mu takardun shaida, ya ce fatansa mu tsufa ba mu harbi kowa ba. Madam Sesil ta yi kuka ta cika mini jaka da rogon nan, wanda na raba wa fasinjoji a Bama. Jandarman iyaka yana ganina ya ɗaga ƙarfe tun daga nesa. Mota muka biyo ta Bauchi da Jos, kwana biyu, muka iso da yamma ana yayyafi. Yohanna yana tasha da lema.

Sati biyu da dawowata ina shinge ni kaɗai, Malam ya je sallar azahar, sai ga wata babbar mota roka ta fito daga daji shaƙe da gungumen katako, maza uku a sama. Irin waɗannan a da ba sa rage gudu, mu muke tsalle mu ba su hanya. Ban tsaya a tsakiyar titi ba kamar yadda na saba. Na koma gefe, gangar siminti tana tsakanina da su, inda nake ganin hannun kowa. Na ce su tsaya, daga ciki.

Motar ta tsaya, injin yana ci. Direban ya leƙo.

"Madam, ke ce aka ce kin je Kamaru?"

"Ni ce. Kashe mota. Na sama ku sauko ta wannan gefen, ɗaya bayan ɗaya."

Ya dubi ƙuguna. Ina sanye da rigar ruwa har gwiwa, ba abin da zai gani.

"An ce wai a jiki kike yawo da ita."

"Takarda na tambaye ka."

Ya dubi na sama, suka dube shi. Ya kashe mota. Ba su da takarda ko ta sayen burodi.

Ko ofis ya ba ni fistol, ko bai ba ni ba, wannan tsakanina da ofis ne, kuma ko fasto ya tambaya amsar da zai samu ke nan. Rokar tana nan a harabar ofishinmu, tayoyinta biyu sun sace. Mai ita babban mutum ne, ya aiko wa mijina mutane sau biyu a ba ni baki. Yohanna ya ba su kujera da ruwan sha, ya ce musu shi malamin makaranta ne, bai san harkar katako ba, amma in suna son ganina ba wuya: ƙarfe bakwai na safe ina shinge.